Ranar da Na Kira Sunan Maigida a Cikin Sito

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na gane cewa kiret ɗin ƙwai ba ya rufa wa mutum asiri.

Malamarmu ta Islamiyya ce ta jawo mini. Ta ce muryata a nitse take, in riƙa karanta gajeriyar nasiha ina turawa zauren matanmu na waya. Na ce to, kaina a sunkuye (a zuci kuwa har na fara jin kaina wata babbar malama). Matsalar ɗaya ce: gidanmu a Dutsen Kura, katanga ce kawai ta raba mu da Maman Ndagi mai injin markaɗe. Nasihar farko da na tura a kan haƙuri ce. Amsar farko da ta shigo: "Allah ya saka da alheri, amma wake ake markaɗawa ko tattasai?"

Sai na shiga bincike. Na ga masu wannan harka suna da ɗan ɗaki da aka liƙe da soso, sauti ba ya shiga ba ya fita. Da na nuna wa maigida farashin soson, sai ya miƙo mini wayata a hankali ya ce, "Allah ya ba ki ladan niyya." To, niyya ba ta mutu ba. Na kwashe buhunan da ke ɗan sitonmu na jikin falo, na jingina tsohuwar katifa a ƙofa, na rataya bargunan aurena. Mai shayin bakin layi ya tara mini kiret ɗin ƙwai, na bi bango da su da ƙananan ƙusoshi. Wurin ya riƙa ƙarni, ga zafin Minna, in ka shiga kamar an rufe ka a tukunyar dambu. Amma ni gani nake na gina gidan rediyo.

Har gwaji muka yi. Na shiga na yi ta magana, maigida yana falo. Na fito na ce, "Ka ji wani abu?" Ya ce ko kaɗan. Babu wanda ya tuna a cikinmu cewa a lokacin injin Maman Ndagi yana ta ruri, ko ganga na buga ba zai ji ba.

A nan sai na yi muku wani bayani. Tunda aka kawo ni gidan nan bakina bai taɓa furta sunan mijina ba, Abban Hanifa nake cewa. Mahaifiyarsa, Inna, ita ma ba ta faɗa, don ɗan fari ne. "Wannan yaron" take cewa, ga shi har da furfura. Kuma duk dangi sun san da ni take misali: "Matar wannan yaron ko tarinta ba ka ji." Wannan yabon shi ne jarina a dangin miji, ina lallaɓa shi kamar jariri.

Ranar da abin zai faru, da hantsi, yara suna makaranta, aka ɗauke wuta. Injin ya yi tsit, unguwa ta yi shiru. Na ce Alhamdulillahi, yau nasiha za ta fita tas. Na shige sito da ɗaurin ƙirji saboda zafi, na ja katifa, na toshe kunnuwa da iyafis. Na ji an ce sai an motsa murya kafin a fara ɗauka. To da me zan motsa ta? Shaiɗan (Allah ya tsare mu da shi) ya raɗa mini: ai ba mai jin ki.

Na ce, "Sulaimanu."

Wallahi sai na ji sunan da daɗi a baki. Na ƙara da ƙarfi: "Sulaimanuuu!" Daga nan sai abu ya koma waƙa, har da tafi:

"Sulaimanu na Inna, mai tumbin alheri,
Inna ta haifa, ni na yi kiwo!"

Na maimaita amshin nan ban san adadi ba. Na kwaikwayi minsharinsa. Sannan na gyara murya, na karanta nasihata a kan kunya da kame baki, cikin natsuwa.

Na ture katifa na fito ina gumi sharkaf. Inna tana zaune a kan tabarmar falo, ta taso daga Tudun Wada, ta ƙura wa bango ido kamar ana nuna wani abu a jikinsa. Gefenta ƙanwarta ce Goggo Ladi, wadda ba ta taɓa barin magana ta kwana a cikinta ba, ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa.

Na zube ƙasa.

Goggo Ladi ta ce, "Sannu da kiwo, 'yar nan. Mun yi ta sallama, muka ji ana taro a ciki, muka ce bari a tashi."

Na ce, "Goggo, ɗakin... ba a jin sauti ne."

"Ƙwarai kuwa. Mu ma ba mu ji ba. Ko minsharin ba mu ji ba."

Na kawo ruwa, na dafa abinci ban san me na zuba ba. Sai da za su tafi, Inna tana gyara mayafi a bakin ƙofa, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ki rage wa wannan yaron man ja a miya. Kiwon ya yi yawa." Na ga gefen bakinta ya motsa.

Misalin da ake yi da ni dai ya ƙare daga ranar. Yanzu duk bikin sunan da aka yi a dangi, ina shiga za ka ji an ce, "Ga mai kiwo nan ta iso." Sai dai wani abin mamaki, Inna ta fi sakewa da ni, har hira muke yi.

Abin da na koya shi ne, in ka ji duniya ta yi shiru, ba kai ne ka toshe ta ba. Saurarenka take yi.