Kifin Kallo da Surukin Faskari

Ranar Laraba ce, cikin bazara, rana ta take tun hantsi.

Wani ne mutumin Sabuwa. Shekarar Udoji ya sayar da auduga, aljihu ya yi nauyi, sai a wannan rana ya hau mota ya nufi Kaduna. A falon wani ɗan kwangila ya ga akwatin gilashi cike da ruwa, kifaye jajaye ƙanana suna yawo a ciki.

Ya ce, "Alhaji, waɗanga yaushe za su isa ci?"

Alhaji ya ce, "Ba a ci. Na kallo ne. Sai gidan wayayyu."

Maganar nan ta zauna masa. Dama surukinsa, Baba Almu na Faskari, ya daɗe yana cewa ya ba da 'yarsa ga mutumin da bai san komai ba sai fartanya. Kuma ranar Juma'a zai zo. Gogan naka bai bar Kaduna ba sai da ya sayi nasa akwatin da kifayensa.

A mota ya ƙi yarda a ɗora a sama. Bisa cinya ya rungume shi. Hanyar Sabuwa kuwa kowa ya san ta. Duk ramin da aka faɗa sai ruwa ya watsu a jikin fasinjoji. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ni dai na yi wankana tun daga gida."

Kafin su iso ruwa ya koma rabi. Ya cika shi da na rijiya, jawur da laka. Matarsa Safara'u ta leƙa, ta sake leƙawa.

"Malam, ina kifin?"

"Suna ciki."

"To ai na rafinmu ma suna ciki, kuma ba a je Kaduna ba."

Ya karɓi kallabinta ya tace ruwan kwarya bayan kwarya. Ya wanke tsakuwa ya zuba, ya ɗora akwatin bisa turmi a zaure. Ya hana yara tari kusa da shi.

Ranar Juma'a Baba Almu ya iso. Mutumin ya durƙusa ya gaishe shi, kai a ƙasa. Da aka sha ruwa ya ce, "Baba, ga ɗan abin da nake kiwo."

To a wajenmu, in ka jawo abin kiwo ka nuna wa baƙo, kowa ya san ma'anarsa.

Baba Almu ya sunkuya ya duba da kyau. Ya ce, "Madalla. Ƙanana ne, amma an gode. Wancan mai tumbi da wancan mai doguwar wutsiya sun ishe ni. Ke Safara'u! Kada ki cika yaji."

Mutumin ya buɗe baki. Kunyar suruki ta rufe shi. Ya bi matar cikin gida da sauri yana raɗa, "Ke, na kallo ne fa!"

Ta ce, "Je ka gaya mashi."

Ya je har bakin zaure, ya yi gyaran murya. Baba Almu ya ce, "Mi ne ne?"

Ya ce, "Cewa na yi sannu da hanya, Baba."

Aka soya. Kifayen suka ƙanƙance kamar gyaɗa. Baba Almu ya jefa su baki, ya taune har ƙaya, ya lashe yatsa. Ya ce, "Kai, ashe ka fara hankali. Sauran a soya a ƙunsa wa mai ɗakina Goggo, ita ma ta taɓa. Gobe in Allah ya kai mu zan zagaya in ga sauran kiwon."

Washegari da sassafe mutumin ya kwance ragonsa, ya cusa kaji a kwando, ya koro jakinsa, ya nufi gidan maƙwabcinsa Barau.

"Barau, ɓoye min waɗanga har surukina ya tafi."

Barau ya ce, "Rago da kaji na gane. Jaki fa? Ai ba a cin jaki."

Ya ce, "Kifin ma ba a ci."