Yadda Za Ka Gyara Injin Matse Lemon da Ba Ya Matse Lemo

Idan ka sayo tsohon inji a gwanjo ya ƙi tashi, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbaci inji zai tashi, mutuncinka kuma ko ƙwarzane ba zai yi ba. An gwada su a kan mutum mai rai, wato Albert Baban Marvellous, malamin firamare a Samaru, a shekarar da sunansa ya shiga cikin waɗanda za a zaɓa dattawan ikkilisiya. Ya daɗe yana son kujerar nan. Mutum ne da bai taɓa leƙa mashaya ba, bai taɓa riƙe karta ba, ko ludo ba a yi a gidansa ran Lahadi.

Mataki na 1: Saya da ido, kada ka tambayi suna

Shiga kasuwar Sabon Gari, ka nufi wajen 'yan gwanjo da niyyar sayen wani abu dabam. Albert fukafukin fanka ya je nema. A rumfar Malam Uba, bayan matattun firji, ya hango akwatin ƙarfe mai gilashi a fuska, da 'yan tagogi uku, da hoton lemo da kankana da wani jan ɗan itace da bai taɓa gani ba. Ga dogon hannu a gefe mai jan kai, ga tasa a ƙasa.

"Malam Uba, wannan na matse lemo ne?"

Uba ya dubi inji, ya dubi Albert, ya ci gaba da jan carbinsa. "Malam, kai ma ga lemo nan kana gani."

"Hannun nan fa?"

"Ja ake yi."

"Ta ina ruwan ke fita?"

"Duk abin da zai fita ta ƙasan nan yake fita, in da rabo."

Lura da kyau, Uba bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Injin nan kalo-kalo ne, na caca, irin wanda a da ya cika otal-otal da kulob-kulob na Sabon Gari. A jefa sule, a ja hannu, a koma gida a ƙafa. Amma mai mutunci ba zai iya faɗin sunansa ba, domin da ya faɗa za a ce masa, "Kai a ina ka san shi?" Riƙe wannan, shi ne ginshiƙin gyaran gaba ɗaya.

Mataki na 2: Yi alkawari da shi kafin ka jona shi

Inji ba ya gyaruwa sai an matsa wa mai shi. Saboda haka nemi taro mafi girma ka yi alkawari da shi.

Ran Lahadi ana rubuta alkawuran godiyar kaka. Wannan ya ce buhun masara, wancan ya ce akuya. Albert ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ce shi da iyalinsa za su ba Zumuntar Mata injin matse lemo, ɗan ƙasar waje. Mata suka rangaɗa guɗa. Matarsa Hephzibah, wadda ko ganin injin ba ta yi ba, aka yi ta rungumarta. Baba Rabaran ya ce a kawo shi ranar bikin a keɓe shi da addu'a, kuma a ranar ne za a zaɓi dattawa.

Yanzu ba ka da hanyar komawa. Madalla.

Mataki na 3: Kai wa mai gyaran da bai san shi ba

Kada ka kai injin gida. Ɗora shi a amalanke ka kai wa mai gyaran rediyo. Albert ya kai wa Oladipo, haifaffen Sabon Gari, mai shago cike da talabijin ɗin da masu su suka haƙura.

Ana sauke kaya, hannun Oladipo ya tafi da kansa ya dafa jan kan nan, kamar wanda ya haɗu da abokin ƙuruciya a tasha. Sai ya tuna shi ne mai karɓar baiko a cocinsu. Ya janye hannu ya sosa ƙeya.

"Ka san irinsa ke nan?" in ji Albert.

"Ni? Haba Oga Ticha, a ina zan san shi?"

"Na lemo ne."

"Ai da gani," in ji Oladipo. Ya zagaya baya, ya danna wani ɗan ƙarfe da ba kowa zai lura da shi ba, murfi ya buɗe.

Mataki na 4: Sallami 'yan haya, sannan ka nemi ciwon

Duk tsohon inji yana da mazauna. A cikin na Albert akwai ɓera da iyalinsa, da kyankyasai da suka kai a yi musu mai unguwa. Ba su wa'adi da tsintsiya.

Daga nan sai lantarki. Filogin ba irin na ƙasar nan ba ne, don haka yanke shi, ka cusa tsirarun wayoyin a soket, ka tokare su da tsinken ashana. Fiyus ya ƙone? Naɗe shi da takardar nan mai ƙyalli ta kwalin taba. Ɗan cocin da ba ya shan taba zai samo ta a aljihunsa, kai dai kada ka tambaya.

Oladipo ya kunna. Inji ya yi tari, ya yi tusa, hayaƙi mai warin ƙonannen takalmi ya fito ta tasar ƙasa.

"Ya lalace?" in ji Albert.

"Ya gaishe mu ne. Ƙasarsu wutar ba ta da ƙarfi, tamu ta yi masa yawa. Sai an sa masa abin rage wuta."

Aka samo abin rage wuta daga cikin wata tsohuwar rediyo, aka ɗaure wayoyin da ɓera ya ci da salatif. Saura a san wayar da ke da rai. Masu karatun boko suna da abin awo. Kai kana da mai inji.

"Oga Ticha, ɗan riƙe mini nan."

Albert ya riƙe. Ya yi wata rawa da bai taɓa yi ba ko a ranar aurensa, ya ambaci sunan Yesu da na kakarsa a numfashi ɗaya.

"Yauwa," in ji Oladipo. "Da wuta. Riƙe ɗayar mu gani."

Mataki na 5: Saurari waɗanda ba su taɓa ganinsa ba

Fitilu sun kama, amma ganguna uku masu hotuna da ke bayan tagogin sun ƙi juyawa. A nan kada ka yi komai. Bar ƙofar shago a buɗe, masana za su zo da kansu.

Alhaji mai kemis na maƙwabta ya leƙo neman canji, ya tsaya. Wani tsohon hedimasta ya zo karɓar rediyonsa, ya tsaya. Kafin wani lokaci benci ya cika da furfura, kowa na kallon injin ta gefen ido.

"Ni dai ban san abin ba," in ji Alhaji, "amma na ji an ce irin waɗannan akwai wani sifirin a bayan ganga ta uku da yake ƙin komawa."

"Haka ni ma na ji an ce," in ji hedimasta. "Kuma an ce ba a fizgar hannun. Ja ake yi a hankali, in an zo tsakiya a ɗan dakata, a saki."

"An ce in ya cije, a ɗan doke shi da gwiwa a gefen hagu."

"Na dama, Alhaji."

"Na hagu! Shekara nawa na yi ina... ina jin ana faɗa."

Albert ya yi ta godiya. A ransa yana mamakin yadda dattawan garin nan suka san harkar lemo.

Mataki na 6: Gwada shi, ka ji sunansa daga bakin ɗan acaba

Oladipo ya ce injin ba ya motsi sai an jefa masa sule irin na da, wanda ko mai ƙosai ba ta karɓa yanzu. Hannu huɗu suka shiga aljihu a tare. Aka jefa, aka doki gefen hagu, hedimasta ya ja hannu da wani irin laushin wuyan hannu. Ganguna suka juya. Lemo. Lemo. Lemo. Ƙararrawa ta ɓarke, tsofaffin sulalla suka zubo cikin tasa, dattawa suka yi ihu kamar an ci ƙwallo, sannan kowa ya koma tari.

Albert ya tara kofinsa a ƙasa. "To, ina lemon?"

"Canji ya fara ba ka, Oga," in ji Oladipo.

Daidai nan wani ɗan acaba ya taka burki a ƙofar shago. Ɗan acaba ba ya takarar komai, saboda haka bakinsa a sake yake.

"Kai! Kalo-kalo! Wallahi shi ne! A cikin irin wannan babana ya zuba kekensa da agogonsa. Oga Dipo, gidan caca za ka buɗe? Wa ke da shi?"

Alhaji ya tuna lokacin salla ya yi. Hedimasta ya tafi ya bar rediyonsa. Albert ya zauna a kan wata matacciyar talabijin da kofi a hannu, yana ganin kansa a gaban ikkilisiya, yana miƙa wa matan Zumunta injin caca a sa masa albarka.

Mataki na 7: Roƙi a mayar da shi yadda yake

Ka gama gyara, yanzu sai lalatawa. Mataccen inji ba ya tona asiri. Sai a ce lemo ne ya ƙi matsuwa, a ajiye shi a sito.

"Don Allah, Oladipo, kashe shi."

"Oga, aikin hannuna? Mutane su ce na kasa?"

"Ni zan ce ka iya. Kashe shi."

Oladipo ya runtse ido ya datse waya ɗaya da filaya. Injin ya fara kiɗa, wanda a da ba ya yi. Ya datse ta biyu, wata fitila ta kama a samansa tana juyi kamar ta motar asibiti. Ya ajiye filaya ya ce shi ba zai ƙara taɓawa ba, abin nan ya fi shi son rai.

Sanannen abu ne ga masu gyara cewa injin da ake so ya mutu ba ya mutuwa. Abin da ya rage maka shi ne addu'ar a ɗauke wuta.

Mataki na 8: Kai shi, ka bar mace ta ƙarasa gyaran

Ranar godiyar kaka aka ɗauke wuta tun safe. Albert ya rera waƙar farko da murya mai ƙarfi. Sai wani ɗan'uwa mai son aikin Ubangiji ya ruga gida ya ɗauko janareta.

Aka yaye zanen da aka rufe inji da shi a gaban bagadi, tsakanin doya da akuya. Fitila na juyi, kiɗa na tashi. A layin dattawa wani ya shiga neman aya a Littafi, wani ya shiga goge tabarau. Baba Rabaran ya matso zai ɗora hannu, hannun ya nufi jan kan nan, ya karkatar da shi da ƙyar ya dafa saman akwatin. Ya yi addu'a mafi gajarta a tarihin ikkilisiyar. Kowa ya gane, kowa ya san na kusa da shi ya gane, ba mai iya cewa uffan. Gumi ya jiƙa rigar Albert har ƙugu. Abin da ake jira kawai shi ne wata tsohuwa ta ce a ja a ga lemo.

Hephzibah ta taso cikin anko na Zumunta. Ta zagaya injin sau ɗaya, ta dubi mijinta, ta juya wajen mata.

"'Yan'uwa, inji ba ya aiki da yunwa. Lemo ya yi tsada, mu fara gwada shi da zoɓo."

Aka miƙo mata bokitin zoɓon da aka tanada don baƙi, da mazurari. Ta soka mazurari a ramin sule, ta ɗaga bokiti, ta juye. Ba ta bar ko ɗigo ba.

Injin ya yi gurnani. Kiɗan ya koma kukan tunkiya. Tartsatsi ya tashi, fitila ta fashe, janareta ya shaƙe ya mutu, akuyar godiya ta tsinke igiya ta yi waje. Da hayaƙi ya lafa, sai ga jan ruwa yana ɗiga a hankali cikin tasar ƙasa.

"Ga shi ya fito!" in ji wata tsohuwa.

"Halleluya!" in ji Baba Rabaran, kuma ba a taɓa jin layin dattawa ya amsa da ƙarfi irin na ranar ba. Aka yanke cewa injin na lemo ne zalla, zoɓo ne bai karɓe shi ba. Maza shida suka yi rige-rigen fitar da gawar injin. Da aka zo zaɓe, babu hannun da bai tashi wa Albert ba sai na wanda ke riƙe da jariri.

Mataki na 9: Rufe bakinka

A hanyar gida Dattijo Albert yana tafe yana jin iska, amma ya ga ya dace ya ɗan nuna ɓacin rai.

"Maman Marvellous, kin kashe wa Zumunta inji. Ai ba a zuba ruwa a kayan wuta."

Ba ta ko juyo ba. "Baban Marvellous, in ka ƙara kawo mini kalo-kalo gaban bagadi, kai zan ɗura wa zoɓon. Kuma wanda ya gyara maka bai iya ba. Ganga ta uku tana saurin tsayawa."

Albert ya buɗe baki. "Ke a ina kika..."

Ta tsaya. Ta dube shi.

Ya karɓi bokitin daga hannunta ya riƙe mata har gida. Kai ma haka za ka yi.

Sanarwa

Mai wannan rubutu bai ce kowa ya riƙe tsirarar waya ba, bai ce a zuba zoɓo a soket ba. Duk wanda wuta ta ja, ko janaretansa ya mutu, ko akuyarsa ta ɓata, ko aka zaɓe shi dattijo bai shirya ba, shi ya jiyo. Wanda kuma yake son sanin yadda aka yi na san gefen da ake dokan injin da gwiwa, to, ni ma ji na yi an ce.