Jeren Alhaji Ɗanbaba

A shekarar 1979, shekarar da soja suka koma bariki, aka yi wa Malam Zubairu malamin asibiti canjin wurin aiki zuwa Bodinga, kuma a makon da ya sauka Allah ya yi masa babban rabo: ya haɗu da Alhaji Ɗanbaba. Gidan hayar da ya samu yana jikin na Alhaji, don haka ya shiga gaisuwa bayan la'asar. Bai fito ba sai da aka kira magariba. A tsakanin nan, abin da ya samu ya faɗa bai wuce sallama ba. Sauran maganar duk Alhaji ya ɗauke masa nauyinta.

Alhaji Ɗanbaba mutum ne da Bodinga ba ta taɓa yin kamarsa ba, kuma shi da kansa ya tabbatar da haka sau da dama. Ɗan kwangila ne, jigo a jam'iyya. A Mandera aka haife shi, amma yakan ambaci wannan cikin sassauci, kamar mai yafe wa ƙauyen wani tsohon laifi. Shi ya fara sayen firji a unguwar, tun ba a ja musu wuta ba, kuma a ciki yake ajiye hulunansa saboda ɓera. Kujerun falonsa suna nan cikin ledarsu yadda suka zo daga kanti. Baƙo ya zauna da zafin bazara, in zai tashi sai a ji kamar ana yage yadi. Duk abin da aka saƙa ko aka sassaƙa da hannu ya kore shi daga gidan, ya ce kayan duhun kai ne. Yara suna kiransa Na-Falo. Ya ɗauka sarauta ce, yana ɗaga musu hannu.

Zamani ne mai daɗi, wanda bai gan shi ba ba zai yarda ba. Naira tana da nauyi, shinkafa tana zuwa daga ƙetare, kowa yana jin gobe za ta fi yau. Sai 1982 ta zo, aka fara maganar tsuke bakin aljihu, aka kuma fara maganar zaɓe. Alhaji ya ga lokaci ya yi da zai sadaukar da kansa, ya nemi tikitin takarar majalisar jiha. Mai ja da shi wani malamin makaranta ne, Surajo, wanda ba shi da firji, amma kowa ya san kakan kakansa. Dattawan jam'iyya kuwa sun kama kalma ɗaya suna ta juyawa: asali. Alhaji, wanda mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa yana kora jakai da albasa zuwa kasuwar Shagari, ya riƙa jin kalmar nan kamar tsakuwa a tuwo.

Da daminar shekarar ya tafi Ikko bin wata kwangila, aka shigar da shi falon wani babban mutum. Ya dawo kamar an sauya shi.

Ya ce, "Malam Zubairu, ka san abin da ka damun ƙasag ga? Rashin sanin tarihi. Na ga manya a Ikko, mutanen da sunka ci boko sunka ƙoshi, ƙwarya sunka kahe ga bango, da ƙwan lantarki bisa kanta. Ƙwarya! Ni dama na daɗe da wanga tunani. Su dai sun riga ni samun ƙusa."

Wahalar ita ce, wanda ya kori tsofaffin kaya daga gidansa ba shi da inda zai ɗauko kayan gado. Amma babban mutum ba ya rasa dabara. Ya shiga mota ya nufi Mandera wurin Gwaggo Shatu, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwar da ya yi shekaru bai gaishe ta ba saboda ayyukan al'umma. Tana da ƙore masu zane da ta gada daga uwarta, sun yi ja saboda tsufa da shafar man shanu, da akusa baƙaƙe, da fayafayai, da tasoshi da ludaya, da wani luru, bargon saƙa mai nauyi kamar zunubi. Ta ɓoye su ne don jeren jikarta Safinatu in aurenta ya zo. Alhaji ya ce mata aro yake so, za a ɗauke su hoto a dawo mata da su cikin mako. Tsohuwa ta ji an ce hoto, ta ga ƙoren uwarta sun sami ɗaukaka, ta ba shi.

Ƙoren da hannunsa ya kafe su a bango, kowace da ƙusa a tsakiyarta, yadda ya gani a Ikko. Malam Zubairu yana jin bugun guduma ta katanga, yana runtse ido.

Daga nan basirar Alhaji ta buɗe. Ya ce falon mai tarihi dole ya riƙa tafiya da lokaci. Da Babbar Sallah ta zo ya rataye ƙahonnin ragonsa bisa ƙofa, har wata mata ta taso daga Dingyadi neman maganin ciwon kai, don an gaya mata sabon boka ya sauka. Da kaka ta yi ya jera zangarniyoyin gero a kusurwoyi, kajin unguwa suka fara halartar zaman siyasa, kuma sun fi wasu 'yan jam'iyyar zuwa kan lokaci. Da albasa ta shigo ya ɗaura ta dami dami a taga. Nan ne ya gane ƙarfin harshensa, domin duk ranar da ya yi jawabi sai ya ga idanun masu sauraro sun kawo ruwa.

"Ka gani, Malam? Maganata tana shiga zukata."

Malam Zubairu ya share hawaye, ya ce ƙwarai kuwa.

Gwaggo Shatu tana ta aiko saƙo kan kayanta. Amsar kullum ɗaya ce: mai hoto bai iso daga Sakkwato ba tukuna.

Aka sa ranar da ciyaman na jam'iyya, Alhaji Maniru, zai zo da dattawa su gana da mai neman takara a gidansa, kafin su yanke wanda za su ba tikiti. Alhaji ya dubi falo ya ga har yanzu tarihin bai cika ba. Akusa da fayafayai da tasoshi suna jibge a ƙasa, shi kuwa bai san yadda ake tsara su ba. Ya kira matarsa, Hajiya Uwani.

Ta tsaya ta dubi kayan, ta ce, "Alhaji, in na jera maka su yadda na iya, ka san abin da falon ga zai koma?"

"Zai koma falon mai asali. Ke dai jera. Sha'anin ado na zamani ba na mata ba na."

Hajiya Uwani mace ce mai biyayya. Ta jera. Hanya ɗaya tak mata suka sani ta jera irin waɗannan kaya, ita ta bi: manya a ƙasa, ƙanana a sama, tasa kan tasa har kusa da rufi, fayafayai sahu sahu a bango, ludaya a tsakaninsu. Ta rataya lurun nan ya zama labule. Da ta gama, don kada aiki ya tafi da gibi, ta sa garwashi a kasko ta zuba turaren wuta.

Malam Zubairu ya leƙo da safiyar ranar, ya tsaya cak a bakin ƙofa. Ya taɓa aurar da 'ya, ya san abin da idonsa ke gani. Ya ce, "Alhaji, wannan fa kamar ɗakin..."

"Kamar ɗakin tarihi na Ingila, na sani. Kai ma ka yi boko, dole ka gane."

Ya sake buɗe baki, Alhaji ya riga ya wuce kan abin da zai fara yi in ya shiga majalisa. Malam Zubairu ya nemi wuri a kusurwa kusa da geron, ya zauna yana jiran ikon Allah.

Ciyaman ya iso da dattawa. Suka shiga, suka yi turus, suka dubi juna. Wani tsoho a cikinsu har ya ja da baya, ya ɗauka kuskuren ƙofa suka yi suka faɗa cikin gida. Alhaji ya ga sun yi shiru, ya san kwarjinin tarihi ne ya kama su. Ya gyara babbar riga, ya miƙe.

"Ranka shi daɗe ciyaman, iyayena dattawa, ana ta maganar asali. To ga asali, ba a baki ba, ga bango. Wagga ƙwarya da kuke gani, cikinta kakana ya sha hura ranar da sarakuna ukku sunka zaka neman shawara tai. Wanga akushi kuwa..."

A daidai nan motocin haya biyu suka tsaya a ƙofar gida. Alhaji ne da kansa ya ɗauko su, ya sa a kwaso masa magoya baya daga Mandera, har da mata masu waƙa, don ciyaman ya ga jama'a. Ya ba da umarni a ɗage labule jama'a su ga abin alfahari. Aka ɗage.

Matar da ke gaba ta leƙa, ƙamshin turare ya buge ta, ta ga jere ya kai rufi. Ba ta tsaya tambaya ba, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Na bayanta suka karɓa. Kafin a ce wani abu mata sun cika falon, ana ta ƙirga tasoshi, ana yaba uwar da ta yi wa ɗiyarta wannan ƙoƙari, ana mitar yadda aka yi biki ba a raba musu goro ba. Wata har ta kwance bakin zane ta jefa gudummawarta cikin faifai.

Suka hangi Hajiya Uwani a ƙofar cikin gida, suka yi kanta. "Hajiya, sannu da haƙuri. Ina amaryar take?"

Hajiya ta yi magana ƙasa ƙasa, irin ƙasa ƙasan da ake ji har bakin titi. "Ga ta can tsaye cikin babbar riga."

Ciyaman ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, kafaɗunsa suna rawa. Alhaji ya ɗaga hannu zai dawo da jama'a kan kakansa da sarakuna uku, sai ga wata tsohuwa ta ratso mata da sandarta. Gwaggo Shatu ce. Ta ji an ce mota kyauta za ta Bodinga, ta ce bari ta zo ta ga mai hoton nan da idonta.

Ta tsaya gaban bango. Ta sa yatsa ta taɓa kan ƙusa.

"Ɗanbaba, mi ni ka gani haka?"

"Gwaggo, ki zauna tukuna, ina cikin bayanin ƙwaryar kakana..."

"Wane kakan naka? Wagga ta uwata ta! Kakanka da hannu ya ka shan ruwa bakin gulbi, shi da jakkainai. Aro na ba ka, ka ce hoto. Hoton na a ka ɗauka da ƙusa? Da mi zan yi wa Safinatu jere, da rariya?"

Wata kaza ta ci gaba da aikinta a kusurwa. Ciyaman ya miƙe, dattawa suka miƙe. A bakin ƙofa ya kama hannun Alhaji da hannu biyu, ya ce, "Alhaji, mun ga ɗaki, ya yi kyau. Allah shi ba da zaman lahiya, shi kawo ƙazantar ɗaki." Dattawa suka ce amin da ƙarfin da ba su taɓa yi wa wata addu'ar jam'iyya ba.

Surajo aka ba tikiti. Sunan Na-Falo ya mutu a ranar. Daga Bodinga har Shagari, Amarya ake cewa, kuma wannan karon bai ɗaga wa kowa hannu ba. Gwaggo ta kwashe akusanta da fayafayanta da lurunta ta tafi. Ƙoren ta bar masa a bango, ta ce ya ci gaba da kallo.

Ba a daɗe ba damina ta yi gardama, soja suka dawo, kwangila ta ƙafe. Aka shiga layin sabulu da madara. Motar Alhaji ta hau duwatsu saboda rashin taya. Ya sanar da duk mai saurare cewa shi dama ya hango wannan, shi ya sa ya janye daga takara.

Wata ranar kasuwar Shagari, Malam Zubairu ya je sayen kayan miya, sai ya hangi wani mutum a rumfar gyartai, tsugune, ya ja rawani har hanci. Tumbin ne ya tona shi: Alhaji ne. Gyartai yana toshe hujin ƙoren ɗaya bayan ɗaya, yana ɗinkewa, Alhaji yana karɓa yana ɗagawa ga rana ya ga ko haske zai ratsa. Da suka haɗa ido bai yi jawabi ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, babur ɗinka yana da mai?"

Ba a mayar da ƙwaryar aro fanko, ko a shekarar ƙoshi. Alhaji ya auni gero a tsadar da ake ciki, suka ɗaura buhun a bayan babur, shi ya rungume ƙoren, suka kama hanyar Mandera. Tun da Malam Zubairu ya san shi, wannan ce tafiya ta farko da ya ji ƙarar inji daga farko har ƙarshe. A zauren Gwaggo Alhaji ya cika kowace ƙwarya da gero, ya tura gabanta, ya zauna a ƙasa.

Tsohuwa ta dudduba ɗinkin. Ta juye geron babbar a faifai, ta kira Safinatu ta kawo ruwa. Ta cika ƙwaryar, ta ɗaga ta sama, ta tara tafin hannu a ƙarƙashi, ta jira. Ko ɗigo. Ta bi sauran haka, ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji ya ga an yi nasara, sai tsohon hali ya motsa. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

Gwaggo ta riga shi. "Allah shi yi maka albarka, Ɗanbaba. Ajin makarantar da ka gina muna, ɗiya da ƙwarya bisa kai su ka karatu in ana ruwa. Duk aikin da ka yi a ƙasag ga, wanga kaɗai na gani ba ya yoyo. Shi ma gyartai yay yi shi."