Hulata a Cikin Obin

Yau da safe a durƙushe na karya kumallo, soso a hannu, ina kankare ragowar hulata daga cikin obin. Ni ɗin nan da na ga yunwa na ga ambaliya, ni da likita ya taɓa cewa a kira dangina, na tashi na raka shi har bakin ƙofa.

Obin ɗin na lantarki ne, na gasa nama, 'yata ta saya wa uwarta. Tun da ya shigo gidan nan bai taɓa yin datti ba, kuma wannan aikin Mai Girma Sarkin Makunni ne, wanda yake riƙe mana wuta don kada kayanmu su tsufa. Allah ya ƙara masa janareta. Da na ga akwati ne mai ƙofa wanda ɓera ba ya iya shiga, sai na mai da shi ma'ajiyar hulata ta zuwa taro, wadda ko yayyafi ban yarda ya taɓa ba.

Maƙwabcina tela ya taɓa ce mini, "Baba, ana goge obin duk bayan gashi, a wanke shi sosai wata-wata."

Na ce, "Ban zauna a aji ba, amma leƙa namu ka ga fuskarka. Ko tsumma bai sani ba."

To jiya da yamma, babu sallama, aka kawo wuta. Uwar 'ya'yana ta zabura ta murɗa obin, don ya yi zafi kafin ta gama gyara kaza. Ina waje ina ba tela labarin ambaliya, sai ya ɗaga hanci.

"Baba, me ake gasawa a gidanka? Wannan ƙaurin zare ne, sana'ata ce."

Na tarar da ita tana korar hayaƙi da murfin tukunya.

"Malam, wa ya ce ka ajiye hula a inda ake gasa nama?"

"Ke wa ya ce ki yarda da wutarsu?"

Kafin ta amsa suka ɗauke abarsu. Kaza tana nan ɗanya, hula ce kaɗai ta gasu. Da obin ya huce ta miƙo mini soso da ruwan ɗumi, ta ce mai hula shi ne mai wanki. Gobe akwai taron unguwa, da sanƙona zan je.

Saboda haka mai tambayar sau nawa ake wanke obin, ga amsar wanda ya gwada: duk ranar da aka kawo wuta. Ba za ka gaji ba.

Kai kuma Mai Girma, ranka ya daɗe, in za ka sake yi mana irin wannan alheri, a aiko a gaya mana tukuna. Takalmana suna cikin firji.