Rasuwar Baturiya, Motar Gidan Malam Tanimu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma miƙa wuya ga hukuncin Allah, ni Ladidi ta gidan Malam Tanimu da ke Dayi nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da fasinjojin hanyar Funtuwa rasuwar motarmu, Baturiya. Ta cika ranar Litinin da hantsi a hanyar Bakori, ɗauke da mutane da buhunan barkono da akuya. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo. Akuyar ce ma ta fara sauka.

Shekarunta Allah ne masani. Alhaji Shitu dillali, wanda ya sayar mana da ita a Funtuwa, cewa ya yi, "Hajiya, wannan ko jar ƙasar nan ba ta taɓa takawa ba. Wata tsohuwar likita ce ke hawanta a Turai, daga gida sai asibiti." Shi ya sa muka raɗa mata Baturiya.

Ba don gayu na saye ta ba. Ɗana Sada ne ya ɗaure jaka zai tafi Legas acaɓa. Ni kuwa na ga yaran unguwar nan da suka tafi, wani ya dawo da ɗingishi, wani sai dai muryarsa a waya. Na kaɗa bijimaina na kiwo zuwa kara, na sayar, na ce ga mota nan, ka ja ta, ka riƙa kwana a gida.

Duk zuwan da muka yi kallonta, a kunne muke tarar da ita, a kan gangare, hancinta na kallon ƙasa. Na ce wannan akwai kuzari. Na duba ta yadda ake duba dabba: na bubbuga cikinta, na leƙa idanunta, na zagaya ta baya. Alhaji Shitu na jan carbi yana cewa, "Ke uwata ce, in na cuce ki na cuci uwata." Aka sallama, aka shafa fatiha. Washegari da safe muka san amfanin gangare.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta taɓa cewa kaya sun yi mata yawa ba. Ba ta da gaggawa, ko mai keke ya wuce ta ba ta riƙe shi a zuci. Tana da zumunci, ba ta wuce garejin bakanike ba ta tsaya sun gaisa ba. Ta haɗa kan samarin unguwa, waɗanda ba sa ga maciji da juna ma sun tura ta kafaɗa da kafaɗa. Har yanzu da safe nakan ji kamar muryarta: kyar-kyar-kyar, tuf. Kyar-kyar, tuf. Sai shiru, sai Sada ya leƙa waje neman jama'a.

Asalinta bai ɓoyu ba, Allah ya jiƙanta. Da damina ta sauka rufinta ya fara yoyo, sai ga tsiro kore shar a ƙarƙashin kujerar baya, har cikin but. Malam Tanimu ya tsuguna ya daɗe yana dubawa, ya ɗago ya ce, "Ladidi, wannan dawa ce, ƙaura. Wancan kuma wake. Ashe likitocin Turai ma suna noma." Ba a jima ba wani dattijo daga Gozaki ya shigo ta a tasha, ya shafa ƙofarta ya ce, "Ikon Allah, kina nan da rai?" Ya ce tun tana shuɗiya take yi musu jigilar hatsi daga gona, har ya nuna mana inda sansa ya taɓa tunkuyinta. Na aika wa Alhaji Shitu. Ya aiko cewa ai daga Turai ɗin ta taso, ta ɗan biya ta Gozaki ne.

Ciwon ajalinta ya fara da tari da baƙin hayaƙi. Daga baya ta koma shan baƙin mai ya fi fetur, jikinta zafi rau, sai an bi ta da jarkar ruwa. Sabo bakanike ya buɗe cikinta ya rufe, ya ce mu kai ta gida mu yi ta addu'a.

Ta rasu ta bar Sada direbanta, da tayoyi huɗu da babu biyu masu uwa ɗaya, da igiyar da ke riƙe ƙofar baya, da dutsen da ake sa mata a ƙafa in ta tsaya. Ta bar kuma dawar nan, wadda na cire na dasa a bayan gida, yanzu har ta yi kai. Sabo ma maraya ne, don shi ya fi kowa kuka.

Alhaji Shitu ya zo ta'aziyya jiya, Allah ya ba shi lada. Ya ce akwai ƙanwarta a hannunsa, ita ma ta likita ce. Na ce a ba shi ruwa ya sha, a nuna masa hanya.

Jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar a ƙofar gida. Ba za a yi mata salla ba, kada malamai su ji tsoro, na san ƙarfe ce. Masu gwangwan za su ɗauki inji, gangar jiki kuma ta zauna wa kaji. Samarin da suka saba turi su zo da wuri, wannan ne na ƙarshe, akwai kunu.

Masu tambaya ko Sada zai tafi Legas, na gan shi ya sauko da jakar nan yana kakkaɓewa. Na gaya masa ba a barin gidan makoki kafin sadakar arba'in. Kafin nan dawar marigayiya ta nuna, kuma shi ne magajinta, shi zai girbe. Bayan girbi, Allah bai taɓa barina babu wani dalilin ba.

Allah ya maida mana da mafi alheri, ya raba mu da abin da ake nunawa a kan gangare. Amin.