Tsallen da na yi a bikin Tibiri

Ba zan taɓa mantawa da bikin nan na Tibiri ba, ko da na so. Shekarar ce da yajin aiki ya rufe lakwal, wato makarantun boko, kowa yana zancen jam'iyyu, mu kuwa muna zaman banza a Sabon Garin Maraɗi.

Yayana Sani, Allah ya jiƙansa, ya samo wani kaset wajen wani Bature mai aikin ban ruwa a Jiratawa. Kiɗan wasu samarin Ostiraliya ne, ihu da rugugin gita. A jikin kwalin akwai hoton mawaƙin ya yi tsalle cikin jama'a, hannuwa sun tare shi. Sani ya ce su ma a gareji suka faro, don haka muka kafa orkes, wato ƙungiyar kiɗa, a zauren gidanmu. Shi ke kaɗa gita, ni ke waƙa (ba don murya ba, na dai fi kowa ƙarfin maƙogwaro).

Wani abokinsa ya gayyace mu bikin ƙanwarsa a Tibiri. A hanya Sani ya ce, "Ƙane, in yau ta yi kyau, Maraɗi duk za ta neme mu. Kar ka ba ni kunya."

Bayan la'asar muka fara. Mata na zaune bisa tabarmi, sun zuba mana ido. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, kunama ce ta harbe ka?" Na ga abin yana mutuwa a hannunmu, sai hoton nan ya faɗo mini. Na hau benci, na buɗe hannuwa, na yi tsalle.

Matan Tibiri ba su ga hoton ba. Suka dare. Na faɗa cikin babbar robar kunun baƙi.

"Wayyo, iskoki ne!" in ji gwaggon amarya, ta yafa mini zane a ka, ta ce a kawo garwashi da turare.

Sani bai daina kaɗawa ba sai da aka zare wayar lasifikarmu daga batir. Sannan ya zo ya ɗaga ni, ya share mini fuska da rigarsa. Ba a sake gayyatarmu ba.

Bara muka binne shi. Gitar tana ɗakina. Yanzu kafin in yi tsalle ina duba wanda zai tare ni, sai dai mai ɗaga nin ya tafi.