Ranar da Na Kira Saniyar Baffa

Na daɗe ina rubuta littattafai ba wanda ya san da zamana, sai na yanke shawarar komawa rubutun fim. A ganina duk aikin ɗaya ne: abin da alƙalami ya faɗa, kyamara ta ɗauka.

Na rubuta wurin da makiyayi zai kira saniyarsa da suna, ta taho ta ɗora kai a kafaɗarsa. Daraktan, wani abokina ɗan Tudun Wada, ya ce, "Malam, saniya fa ba ta karatu." Na ce ya bar min wannan, ni jinin Fulani ne.

Muka ɗunguma rugar Baffana a Kwadon. Jaruminmu tela ne, ko akuya bai taɓa kiwo ba, don haka na ce ni zan yi kiran daga bayan kyamara. Baffa ya ce, "Ba ta san muryarka ba, ɗana." Na yi murmushin masana, na gyara murya, na ƙwala mata kira.

Ta taho kuwa, amma a guje, kai a sunkuye. Jarumi ya ɗare saman mota, ni kuma na ratsa gonar albasa da takalmi ɗaya. Mai kyamara bai kashe ba.

Na koma rubutun littafi, inda shanu ke jin maganata. Fim ɗin bai fito ba, amma wannan guntun yana wayar kowa a danginmu. Duk sallah in na je gaisuwa, sai Baffa ya ce, "Marubuci, leƙa garke mana, jarumarka tana cigiyarka."